SAN BERNARDINO: GANDUN SHANUN DA IYAKA TA RABA BIYU

 A wannan fitowa za mu yi nisan kiwo, mu tsallake teku zuwa iyakar Amurka da Meksiko, mu bi tarihin wani gandun shanu da ake kira San Bernardino. Kada wani ya ce me ya haɗa mu da su. An sayi filin nan a 1822 a kan kuɗin shanu 30, aka zuba masa shanu 4,000 waɗanda ba a gama biyan kuɗinsu ba. Bayan shekara talatin da 'yan kai gwamnatoci biyu suka zauna a wani birni mai nisa, suka ja layi ya bi ta cikinsa. Tun daga ran nan, duk wanda ya mallaki wurin sai ya yi hulɗa da hukuma biyu da doka biyu a kan ciyawa ɗaya da ruwa ɗaya. Wanda ke sayen sa a wannan ƙasa ya sayar a waccan, ai ba baƙon wannan karatu ba ne.

INDA WURIN YAKE

San Bernardino wani kwari ne mai faɗi a kusurwar kudu maso gabas ta jihar Arizona ta Amurka, ya miƙe har cikin jihar Sonora ta Meksiko. Daga garin Douglas zuwa gidan gandun kimanin kilomita 25 ne ta gabas. Ƙasa ce mai ƙarancin ruwan sama, abin da ake samu a shekara kimanin milimita 350 ne, kusan irin na Tawa ko Damagaram, kuma mafi yawansa tsakanin Yuli da Satumba yake sauka. Abin da ya ɗaukaka kwarin shi ne idanun ruwa da ke ɓuɓɓugowa daga ƙasa rani da damina, su yi fadama, sa'an nan su gangara kudu su shiga kogin Yaqui. A ƙasar da sai a yi yini ana tafiya ba a ga mashaya ba, kun san darajar irin wannan wuri.

Tun da daɗewa wurin yana cikin ƙasar mutanen Apache, reshen da ake kira Chiricahua. Turawan Sifen, waɗanda ke mulkin Meksiko a lokacin, sun kafa barikin soja a bakin ruwan wajen 1775, amma bai yi ƙarko ba. A 1780 suka kwashe nasu ya nasu suka koma kudu.

SHANU 4,000 NA BASHI

A ƙarshen 1820 wani hafsan soja, Laftana Ignacio Perez, ya nemi hukuma ta sayar masa da kwarin. Yadda ake yi a lokacin shi ne, mai nema ya rubuta takarda, a aiko ma'auni ya auna, a yi wa filin kuɗi, a yi shela, sa'an nan a yi gwanjo. Ma'aunin da suke amfani da shi sunansa sitiyo, kowane ɗaya kimanin hekta 1,750. Kafin a gama wannan zirga-zirga Meksiko ta sami 'yancin kanta a 1821, saboda haka a ƙarƙashin sabuwar gwamnati aka yi gwanjon a garin Arizpe cikin 1822. Perez ya biya feso 90 a kan sitiyo 4, wato kimanin hekta 7,000.

To, ku riƙe wannan lissafi, don zai dawo. Hekta 7,000 aka auna aka biya. Amma ƙasar da aka riƙa kira San Bernardino, wadda shanunsa suka mamaye, ta kai eka 73,000, kusan hekta 30,000. Ba wanda ya damu a lokacin. Daji ne, ba maƙwabci, ba shinge.

Shanun kuwa ga yadda ya same su. Can yamma akwai wata tashar 'yan mishan a Tumacacori, suna da babban garke, kuma suna neman kuɗin ƙarasa ginin majami'arsu. A farkon 1821 limaminsu ya sayar wa Perez shanu 4,000 a kan feso 3 kowace, jimla feso 12,000. Perez ya ba da wani kaso a hannu, aka yi alkawarin saura zuwa wani lokaci, ya kora shanu ya tafi. Lokaci ya yi, shiru. Aka canza limami, sabon ya dinga aika wasiƙa bayan wasiƙa, sai a 1823 wani attajirin Sonora mai suna Rafael Elias ya tsaya masa lamuni, sa'an nan kuɗi suka fara fitowa. Majami'ar tana nan tsaye har yau, hasumiyarta ba a ƙarasa ta ba. Bashi hanji ne, in ji masu magana, yana cikin kowa. Wanda ya taɓa sakin shanu a kara da kafin alƙalami kaɗai, ya san irin barcin da limamin nan ya riƙa yi.

Ku duba kuma: filin gaba ɗaya feso 90, garken kuwa feso 12,000. A wancan zamani dukiya tana kan kofato, ƙasa kamar kyauta take. Sauran labarin nan duk bayanin yadda wannan lissafi ya juye ne.

RANAR DA MASU ƘASA SUKA TASHI

Perez ya gina babban gida na tubali mai katanga da garkuna, shanu suka yi ta haihuwa. Sai dai zaman lafiyar da ya dogara da ita ba shi ya ƙulla ta ba. Tun zamanin Sifen akwai yarjejeniya cewa mutanen Apache da suka ajiye makami su zauna kusa da barikoki, hukuma tana ba su hatsi da nama. Sabuwar gwamnatin Meksiko ba ta da kuɗi, a 1831 ta yanke wannan rabo. Mutanen da aka cinye wa makiyaya da wurin farauta, aka kuma hana su abin da aka yi musu alkawari, suka koma duwatsu suka ɗauki makami. Ruwa ba ya tsami banza. Kafin shekarun 1830 su ƙare an watse daga San Bernardino, makiyaya sun gudu, shanun da suka rage suka bazu a daji ba mai su.

Shanun nan suka zama namun daji sosai. A Disamba 1846, lokacin yaƙin Amurka da Meksiko, wata rundunar sojan Amurka ƙarƙashin Kanar Philip Cooke ta yada zango a kangon gidan, suka harbi shanun suka yi guzuri. Da suka yi gaba zuwa kogin San Pedro, sai bijimai suka auka musu, suka kashe alfadarai, suka ji wa mutane rauni. A duk tafiyar rundunar wannan ne kaɗai faɗan da ta yi, kuma da shanu ta yi shi.

LAYI YA RATSA MAKIYAYA

Yaƙin ya ƙare a 1848, Meksiko ta rasa kusan rabin ƙasarta, har da Kalifoniya. Duk da haka San Bernardino yana cikin Meksiko ɗungurungum, domin a wannan yanki kogin Gila aka mayar iyaka, shi kuwa yana can arewa da nisa. Amma Amurka tana son shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa zuwa tekun yamma ta inda ba duwatsu da ƙanƙara, kuma hanyar da ta dace tana kudu da kogin. Sai ta aika James Gadsden wurin shugaba Santa Anna, aka sa hannu a ƙarshen Disamba 1853, aka tabbatar a 1854. Amurka ta biya dala miliyan 10 ta karɓi ƙasa mai faɗin murabba'in kilomita kusan 77,000.

Sabon layin miƙaƙƙe ne kamar an ja shi da zare, bai bi kogi ba, bai bi dutse ba. Ya ratsa kwarin San Bernardino, ya bar kimanin kashi ɗaya cikin uku a Amurka, kashi biyu a Meksiko. Magadan Perez ba wanda ya tambaye su. A takarda dai an yi alkawari cewa za a mutunta mallakar da Meksiko ta riga ta ba mutane, muddin akwai shaidarta a ɗakunan ajiyar takardun gwamnati. Wannan sharaɗi shi ne ya zo ya ci mutane da yawa.

ZUWAN JOHN SLAUGHTER

Kwarin ya yi kusan shekara hamsin ba mai kiwo. Sai a 1884 wani falken shanu daga Teksas, John Slaughter, ya sayi haƙƙin magada a kan kimanin eka 65,000. Sunan nasa a Turanci ma'anarsa yanka, kuma sunan ya bi shi, domin da sayar da nama ya yi arziki. An haife shi a 1841, ya taso yana kora garkuna ta hanyoyi masu nisa, ya shigo Arizona a ƙarshen shekarun 1870.

Me ya sa ya sayi wurin da wasu suka gudu suka bari? Kasuwa ce ta zo. An tono azurfa a Tombstone, an tono tagulla a Bisbee, dubban ma'aikata suna neman nama. Gwamnati tana sayen shanu don ciyar da soja da mutanen Apache da ta tsare a San Carlos. Jirgin ƙasa ya iso Tucson a 1880. Daɗin daɗawa yaƙin Apache ya zo ƙarshe: a Satumba 1886 jagoransu Geronimo ya miƙa wuya a wani kwazazzabo da ba shi da nisa da gandun, aka kwashe mutanen Chiricahua a jirgi zuwa Florida. A shekarar ne kuma aka zaɓi Slaughter shugaban 'yan doka na gundumar Cochise, ya yi zango biyu yana farautar ɓarayin shanu waɗanda suka mayar da iyaka mafaka, su sata a nan su sayar a can. Shedar da yake yi wa shanunsa da wuta harafin Z ce.

Ranar 3 ga Mayu 1887 aka yi babbar girgizar ƙasa a Sonora, ta kashe mutane da dama a garin Bavispe, ta rushe gine-ginen gandun. Da ya tashi sake gini, sai ya kafa gidansa a ɓangaren Amurka, 'yan taku kaɗan daga layi, alhali mafi yawan makiyayarsa tana Meksiko. Ya haƙa rijiyoyi masu tunkuɗo ruwa da kansu, ya yi tafki, ya noma ciyawa da hatsi, ya buɗe kanti. Ma'aikatansa har da 'yan Meksiko da 'yan Sin masu lambu. Shanu suna kiwo a wata ƙasa, suna shan ruwa a wata, ba waya ba shinge.

GABAN ALƘALAI

A 1891 majalisar Amurka ta kafa kotu ta musamman don ta tantance filayen da mutane ke cewa Sifen ko Meksiko ta ba kakanninsu. Dalili kuwa, 'yan damfara sun yi yawa. Wani James Reavis ya ƙirƙiri takardun jabu, har ya cusa su cikin ɗakunan ajiya, yana da'awar eka miliyan 12. Ya yi shekaru yana karɓar kuɗi daga kamfanoni da manoma kafin kotu ta tona asirinsa a 1895, ya ƙare a kurkuku. Wannan ya sa alƙalai suka tsananta wa kowa, mai gaskiya da maƙaryaci. Kafin a rufe kotun a 1904 an kawo mata da'awar kusan eka miliyan 35, ta amince da kimanin miliyan 2 kacal.

Slaughter ya kai tasa da'awar, yana neman sama da eka 13,000 a ɓangaren Amurka. Ƙa'idar da alƙalai suka bi ita ce, abin da aka auna aka biya kuɗinsa shi kaɗai ne mallaka, rarar da aka mamaye daga baya ta gwamnati ce. Kun tuna sitiyo 4 ɗin nan na Perez? Su aka koma wa. Da aka duba abin da ya faɗo arewa da layi, sai aka tabbatar masa da kimanin eka 2,400, bai kai hekta 1,000 ba. Shekarun da shanunsa suka yi suna kiwo a sauran filin ba su zama hujja ba. Abin da ya cece shi, ɗan abin da aka bar masa a nan idanun ruwa suke, kuma a irin wannan ƙasa mai ruwa shi ke juya dajin da ke kewaye.

FARI DA HARAJI

Ana cikin wannan shari'a wasu masifu biyu suka sauka. Ta farko fari. Ganin riba ya sa kowa ya zuba shanu a Arizona, har a 1891 littafin haraji ya nuna sama da 700,000, masana harkar kuma suka ce na gaskiya ya ninka haka. Kun san halin mai shanu da ƙidayar jangali, ko'ina ɗaya ne. Damina ta ƙi a 1891 da 1892. Kafin ruwa ya dawo a tsakiyar 1893, tsakanin rabi da kashi uku cikin huɗu na shanun kudancin Arizona sun mutu. Har sana'a aka yi ta tara ƙasusuwa ana lodawa a jirgi. Waɗanda suka tsallake su ne masu ruwa na dindindin da waɗanda suka sayar da wuri. Daga nan masu gandu suka canza dabara, suka daina riƙe sa har ya shekara huɗu, suka koma sayar da maruƙa da 'yan shekara ɗaya ga masu kiwatawa a arewa.

Ta biyu haraji. A 1890 Amurka ta sa dala 10 a kan kowace dabbar da ta wuce shekara ɗaya in za a shigo da ita, nauyin da shanun Sonora masu araha ba sa iya ɗauka. Ciniki ya tsaya cik. A 1894 aka sauke shi zuwa kashi 20 cikin 100 na kimar dabba, garkuna suka ɓarko. A 1897 aka sake ɗaga shi. Cikin shekara bakwai doka ta canza sau uku. Ga mai gandun da layi ya ratsa, saniyar da ta haihu kudu da gidansa ta haifi ɗan wata ƙasa ke nan a idon kwastan.

SOJA, CUTA DA WAYA

Juyin juya halin Meksiko ya ɓarke a 1910. Amurka ta girke soja a kan tudun da ke gabas da gidan Slaughter daga 1911 har 1923. A ƙarshen 1915 rundunar Pancho Villa, a kan hanyarta ta kai hari garin Agua Prieta, ta sauka a ɓangaren Meksiko na gandun da yunwa, ta yanka shanu ta ci masara. Mutanen wurin suna ba da labari cewa tsohon ya hau doki ya je har wurin Villa, ya dawo da kuɗin shanunsa. A 1921 'yan fashi suka kashe wakilinsa a cikin gandun, sai ya koma Douglas, inda ya rasu a Fabrairu 1922 yana da shekara 80.

Wani abin lura, shingen waya na farko da gwamnatin Amurka ta kafa a wannan iyaka, tsakanin 1909 da 1911 a ɓangaren Kalifoniya, saboda shanu aka yi shi, don tare kaska mai kawo zazzaɓi. A ƙarshen 1946 ɓoru, wato ciwon baki da kofato, ya ɓulla a Meksiko, aka ɗora laifin a kan bijimai masu tozo da aka kawo daga Barazil. Amurka ta rufe ƙofa ga shanun Meksiko har 1952, aka karkashe dabbobi kusan miliyan ɗaya. Masu shanun Sonora, waɗanda cutar ba ta kai gare su ba, su ma rufewar ta ci su.

Abin bai zama tarihi ba. A shekarun baya Meksiko takan sayar wa Amurka shanu sama da miliyan ɗaya a shekara. A Nuwamba 2024 aka ga wata tsutsar ƙuda mai cin naman dabba da ranta a kudancin Meksiko, aka dakatar da shigo da shanu. Aka buɗe a Fabrairu 2025, aka rufe a Mayu. Ranar 7 ga Yuli aka buɗe ƙofar Douglas, maƙwabciyar San Bernardino, bayan kwana biyu aka sake rufewa.

YADDA AKA ƘARE

Matar Slaughter, Viola, ta sayar da gandun a shekarun 1930, ya bi hannu daban-daban. A 1982 gwamnatin Amurka ta mayar da kimanin eka 2,300 wurin kare namun daji, musamman wasu ƙananan kifaye na kogin Yaqui da suka kusa ƙarewa. Gidan da eka 131 suka zama gidan tarihi. Ɓangaren Meksiko ya shiga hannun wata gidauniya mai gyaran ƙasa, wadda ke jera duwatsu a kwazazzabai don ruwa ya tsaya ya nutse. A 2019 da 2020 aka gina katangar ƙarfe mai tsawon mita 9 a kan layin, ta bi ta inda shanun Perez da na Slaughter suke ratsawa zuwa mashaya.

ABIN DA YA SHAFE MU

'Yan'uwa, layin da ya raba Katsina da Maraɗi, ya raba Daura da Damagaram, shi ma haka aka yi shi. Ingila da Faransa suka yi ta gyara shi a 1898 da 1904 da 1906, domin Faransa tana neman hanya mai rijiyoyi zuwa tafkin Cadi, kamar yadda Amurka ta nemi hanyar jirgi. Mun ga rufe iyakar Nijeriya daga 1984 zuwa 1986, da ta Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, da ta 2023. Ba a taɓa yin shawara da mai sa a kara ba kafin a rufe.

Tunda ba mu muke riƙe da mabuɗi ba, sai mu gyara abin da ke hannunmu. Takardar da ka karɓa a kasuwa, ko wurin duwan, ko wurin likitan dabbobi, ta faɗi ainihin adadin da kake korawa. In ka rage ƙidaya don sauƙin yau, ranar da aka kama garke ko aka sace shi, abin da ke rubuce kaɗai za ka iya nema, kamar yadda aka yi wa Slaughter da sitiyo 4. Filin kara, burtali da mashayar da ƙungiya ke amfani da su, a auna su a rubuta tun ƙasa ba ta yi tsada ba, don ba a fafe gora ranar tafiya. Kada a saki shanu bashi sai da mai lamuni wanda aka san gidansa. Allurar rigakafi kuma a ɗauke ta da muhimmanci, domin dabba ɗaya mai cuta takan jawo a rufe wa ƙasa guda ƙofa. Sa'an nan a zauna lafiya da mutanen da hanyarmu ke bi ta ƙasarsu, a biya ɓarna in an yi, a cika alkawari in an ɗauka. Perez yana da takardar gwamnati, yana da igiyar soja, amma ranar da aka karya alkawarin da aka yi wa masu ƙasa, ko maraƙi ɗaya takardar ba ta tsare masa ba.

Muna roƙon shugabannin rassa su kawo maganar rubuta filayen kara da mashaya a taro mai zuwa. Allah Ya ba da kasuwa, Ya kai mu gida lafiya da dukiyarmu. Wassalam.